Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya A Kan Zukatan Masu Jinyar Jama'a

Zuwa ga Mai Girma Farfesa Muhammad Ali Pate, Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a na Tarayyar Nijeriya, Abuja.



Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi, da ban girma gwargwadon yadda ya cancanci wanda Allah ya ɗora wa amanar lafiyar mutane fiye da miliyan 200, ina roƙon alfarma, ranka ya daɗe, ka saurare ni a kan wani al'amari wanda ba kasafai yake shiga cikin koke-koken da ake kawowa ofishinka ba, domin ba a auna shi da bulo ko da kwalin magani, amma wanda na haƙiƙance cewa muddin aka ƙi dubansa, to duk ginin da za a yi da duk na'urar da za a sayo za su faɗa hannun mutanen da zukatansu suka riga suka gaji. Abin da nake nufi shi ne ƙuncin rai da nauyin zuciya da aikin asibiti yake tara wa likitoci da malaman jinya da ungozomomi da sauran waɗanda suke kwana a tsaye a kan marasa lafiya, da kuma wata hanya ta sassauta musu wadda wasu ƙasashe suka jarraba suka ga amfaninta, wato a keɓe musu lokaci na rubutu da waƙa da zane da aikin hannu, ƙarƙashin jagorancin wanda aka horar don haka.

Kai da bakinka ka shaida wa ƙasa cikin shekarar 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekaru biyar, waɗanda suka rage ba su wuce 55,000 ba, kuma rabo mai tsoka daga cikinsu yana Legas da Abuja. A wannan shekarar dai hukumar da ke yi wa malaman jinya da ungozomomi rajista ta ce 42,000 daga cikin nata sun fita cikin shekaru uku, har gwamnati ta amince da wata manufa ta musamman a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a watan Agusta. An yi ta magana a kan waɗanda suka tafi, kuma sun cancanci a yi. Amma ni wasiƙata a kan waɗanda suka zauna take, domin duk likitan da ya hau jirgi bai tafi da majinyatansa ba, nan ya bar su a kan gadajensu, aka raba su tsakanin abokan aikinsa, aka ƙara musu kwanan dare a kan kwanan dare, har ya zama wanda ya shiga aiki da safiyar Litinin ba ya ganin 'ya'yansa a farke sai Talata da la'asar.

To, me suke gani cikin waɗannan darare? Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da rubu'in matan da suke mutuwa wajen haihuwa a duniya baki ɗaya a ƙasarmu suke mutuwa, kuma mai karanta wannan adadi a takarda yakan manta cewa da yawa daga cikinsu a gaban wani suka cika, wata ungozoma ce take riƙe da hannun matar tana jijjiga, wani ƙaramin likita ne yake zagaye yana neman ledar jini alhali jinin matar yana tsiyaya, wata nas ce take haska tocilar wayarta saboda an ɗauke wuta kuma janareta ba mai. Ka tuna da damina a ɗakunan yara masu tamowa na Katsina da Zamfara da Borno, inda ake kwantar da biyu ko uku a gado guda. Ka tuna da mashaƙon da ya auka wa Kano cikin 2023, da gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara cikin 2010, da zazzaɓin Lassa wanda tun gano shi a garin Lassa cikin 1969 masu jinya ya fara ɗauka, har yau kuma bai daina ba. Akwai waɗanda aikin ya ci rayukansu kowa ya sani: Dakta Stella Adadevoh wadda ta tsare Ebola a Legas cikin 2014 cutar ta tafi da ita, da masu allurar shan inna su 9 da aka harbe a Kano cikin Fabrairun 2013, da ungozomomin nan biyu, Saifura Khorsa da Hauwa Liman, waɗanda aka sace a Rann aka kashe cikin 2018. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar abokan aiki waɗanda washegari suka sa fararen kaya suka koma bakin aiki.

Sai dai a ganina ba ganin mutuwa ne mafi tsanani a kansu ba, domin mumini ya san ajali, kuma likita ya san iyakar iliminsa. Abin da yake cin zuciya shi ne mutuwar da mutum ya san maganinta, ya karanta a littafi, ya ci jarrabawa a kansa, ya rubuta shi a takarda ya miƙa wa uban yaro, yana kallon fuskarsa ya gane cewa abin da ke aljihunsa ba zai saya ba. Ko a kawo mutum uku iskar oksijin ta ishi ɗaya, shi ne kuma zai zaɓa. Wanda aka tilasta wa irin wannan zaɓi sau da yawa yakan wayi gari yana tuhumar kansa da laifin da ba nasa ba ne, kuma barci ba ya wanke wannan tuhuma.

A nan tarbiyyarmu, wadda nake alfahari da ita, take ƙara wa al'amarin nauyi ba da nufi ba. An rene mu a kan dauriya da kunya da haƙuri, an koya mana cewa namiji ba ya kuka a gaban mutane, babba ba ya kai ƙara wurin ƙarami, kuma wanda ya yawaita faɗin damuwarsa ana yi masa kallon mai raunin tawakkali. Duk da haka al'ada da addini ba su bar mai baƙin ciki shi kaɗai ba: an shimfiɗa wa iyalan mamaci tabarma, an ba su kwanakin zaman makoki, maƙwabta sun kawo abinci, kowa ya zo ya yi ta'aziyya ya yi addu'a. Ita kuwa nas ɗin da yaron ya cika a hannunta, bayan ta yi kwana huɗu tana neman jijiyarsa tana ƙirga numfashinsa, ba wanda yake yi mata gaisuwa. Wanke hannu za ta yi, ta cika takarda, ta juya ga gado na gaba, kuma kafin a yi sallar asuba mai yiwuwa ta sake yin haka. In ta ce zuciyarta ta gaji, sai a ce ai aikin ke nan. In ta yi tunanin zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, sai ta tuna cewa abokin aikinta ne, a asibitin da kowa ya san kowa, kuma gobe za a ce ta taɓu.

Masana sun daɗe da sanin inda wannan hanya take ɓullewa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya siffanta halin cikin 1974 bayan ya lura da masu aikin sa kai a wani ƙaramin asibitin kyauta a birnin New York, sannan cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi cikin kundinta, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo yake haifarwa in ba a magance shi ba, ta kuma ambaci alamominsa uku: ƙarewar ƙarfi, da bushewar zuciya game da aikin da mutanen da ake yi dominsu, da jin cewa duk ƙoƙarin mutum ba ya amfana komai. Ina roƙonka ka tsaya a kan alama ta biyu, ranka ya daɗe, domin ita ce talakawa suke kira wulaƙancin ma'aikatan asibiti. Ban zo in wanke wanda ya daka wa mai naƙuda tsawa ba. Zalunci zalunci ne ko daga wa ya fito, kuma wajibi ne a hukunta mai yinsa. Amma na yi imani da cewa mafi yawan 'yan matan da suka shiga makarantun jinya da ungozoma da taushin zuciya suka shiga, kuma wadda ta ga cewa in ta bar kowace mutuwa ta ratsa ta ba za ta kai ƙarshen shekara ba, sai ta rufe ƙofar zuciyarta don ta tsira, ƙofar kuwa in ta rufu ba ta bambanta baƙin ciki da tausayi. Sakamakon haka a kan majinyata yake ƙarewa: matar da aka yi wa faɗa a haihuwar fari ta rantse ba za ta koma ba, ta haihu a ɗaka, jini ya ɓalle mata, a kawo ta a makare. Saboda haka maganar zuciyar ma'aikaci magana ce ta ran mara lafiya, ba alatu ba ce.

Ita kuwa hanyar da nake kawo maka tana da tarihi. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, wanda tarin fuka ya kwantar da shi, ya ga yadda zane ya taimake shi da waɗanda suke kwance tare da shi, shi ne ya raɗa wa abin suna cikin 1942. A wannan zamanin ne kuma asibitocin sojan Amurka suka fara shigar da makaɗa wurin waɗanda yaƙi ya gigita, har abin ya zama sana'a mai makaranta da shahada. Cikin 1986 James Pennebaker ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi damunsu a rayuwa, minti 15 kowace rana har kwana huɗu, aka ga cewa zuwansu asibiti ya ragu cikin watannin da suka biyo. Cikin 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya tattara rubuce-rubuce fiye da 900 a kan fasaha da lafiya ya fitar da rahoto guda. Wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne gwajin da wani likitan ɗakin masu tsananin ciwo, Marc Moss, da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Colorado, aka buga cikin 2022: ma'aikatan lafiya 146 waɗanda aikin ya gallaba, aka raba su da ƙuri'a, wasu suka shiga zaman zane ko kiɗa ko rubutu ko motsa jiki na minti 90 sau ɗaya a mako har mako 12, wasu aka bar su yadda suke, daga ƙarshe aka tarar cewa fargaba da baƙin ciki da gajiyar zuciya sun ragu ga waɗanda suka shiga, niyyarsu ta barin aikin ma ta ragu. Gwaji ne ƙarami, a ƙasar da halinta ba namu ba ne, kuma ba zan ce ya yanke hukunci ba. Amma ya isa hujjar da za a ce mu ma mu gwada.

Ya kamata a fahimci cewa ba biki ake nufi ba, ba kuma a gayyato mawaƙi ya nishaɗantar da ma'aikata ranar wani taro ba. Mutum goma ne ko goma sha biyu suke zama a ɗaki guda, su ɗin dai kowane mako, a ba kowa takarda da alƙalami ko yumɓu ko zare, a ce ya fitar da abin da ya kwana da shi, ba don a duba gwaninta ba. Hikimar da ke ciki ita ce abin da harshe yake jin nauyin furtawa hannu yakan iya fitarwa, kuma da zarar ya fita ya zama baiti ko zane a gaban mutum, sai ya iya dubansa daga nesa, na kusa da shi ma ya duba ya ce ni ma haka ta same ni. Babban likitan da shekara 20 bai taɓa gaya wa kowa labarin yarinyar da ta mutu a ɗakin tiyata a hannunsa ba, yana iya rubuta mata baiti huɗu ba tare da girmansa ya zube ba, domin a wurinmu wanda ya yi marsiyya ba a ce ya yi raki.

Wannan ne ya sa nake ganin mu muka fi kowa dacewa da wannan hanya, kuma kuskure ne a ɗauke ta bidi'ar Turawa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu cikin 934, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus, ya raba shi kashi biyu, ɗaya na jiki ɗaya na rai, ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin abubuwan da ake yi wa magani kamar yadda ake yi wa zazzaɓi. Al-Farabi ya yi babban littafi a kan ilimin sauti da tasirinsa ga rai, Imam al-Ghazali ya keɓe babi guda cikin Ihya a kan ladubban saurare, kuma a asibitin da Sarkin Musulmin Usmaniyya Bayazid na biyu ya gina a Edirne, wanda aka buɗe cikin 1488, an ajiye makaɗa da mawaƙa domin majinyata. Tun kafin waɗannan duka, ingantattun hadisai sun ruwaito cewa Sahabbai suna rera baitoci yayin haƙa ganuwar Madina cikin yunwa da sanyi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana amsa musu. Sun kuma ruwaito yadda Salmanul Farisi ya tarar da ɗan'uwansa Abud Darda'i ya hana kansa abinci da barci saboda ibada, ya tilasta masa ya ci ya kwanta, ya tunatar da shi haƙƙin da ransa da iyalinsa suke da shi a kansa, Annabi kuma ya gaskata Salman. In ibada ba ta halatta wa mutum ya halaka kansa ba, ina ga aikin gwamnati?

A ƙasarmu ta haihuwa kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga yaƙi ta ga hijira ta binne 'yan'uwa, kuma da waƙa ta riƙa ɗaukar wannan nauyi: ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. Abin da ya fi ratsa ni shi ne ba manya kaɗai ta yi wa ba; cikin waɗanda ta yi wa akwai wata mata mai suna Zaharatu, wadda aka san ta da zuwa wurin masu naƙuda da wankan gawa duk lokacin da aka kira ta. Ke nan fiye da shekara 150 da suka wuce malamar da ta fi kowace mace ilimi a daular ta ga cewa mai karɓar haihuwa ta cancanci a tsaya a ambace ta da baiti. Haka talakawanmu ba su taɓa yin aiki mai wuya bakinsu a rufe ba: akwai waƙar niƙa, da ta daka, da ta daɓe, da gangar noma ranar gayya, kuma duk wanda ya girma a cikin gida ya san cewa a kan dutsen niƙa mace takan faɗi abin da kunya ta hana ta gaya wa miji ko uwar miji, ta tashi zuciyarta ta yi sanyi. Aikin asibiti ne kaɗai cikin ayyukanmu masu nauyi ya zo mana a shirye daga waje, da jadawalinsa da rajistarsa, ba tare da an bar masa irin wannan mafita ba.

Na san za a ce malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wasu kuma suna ƙyamar zana mai rai. Wannan gaskiya ne, kuma ba aikin ma'aikatarka ba ne ta raba gardamar fukaha'u. Ƙofar tana da faɗi: ga rubutacciyar waƙa mai ƙafiya da ma'auni, wadda malamai ne suka raine ta tun daga Shehu Usmanu har zuwa su Sa'adu Zungur da Aliyu Namangi da Aƙilu Aliyu, ga zayyanar allo da rubutun tawada, ga ɗinkin hula da saƙa da rini da zanen lalle, ga ginin tukwane, sana'ar da ta kai Ladi Kwali har kan takardar naira 20. 'Yan'uwanmu Kirista, waɗanda suke da yawa ƙwarai a wannan aiki tun zamanin asibitocin mishan, suna da al'adar rera waƙa cikin jama'a wadda ba sai an koya musu ba. Kowa ya ɗauki abin da zuciyarsa ta natsu da shi, mata su zauna da mata in sun fi so, kuma kada a tilasta wa kowa shiga.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, kuma daga bakin ma'aikatan za ka ji ta. Za su ce: a biya mu albashinmu da alawus ɗinmu a kan kari, a ɗauki ƙarin ma'aikata, a gyara ɗakin da muke kwana, a tsare mu daga masu dukanmu da masu sace mu, sannan a zo da maganar zane. Suna da gaskiya ɗari bisa ɗari. Yajin aikin da likitoci masu neman ƙwarewa suke shiga kusan kowace shekara ba a kan rashin fenti suke yinsa ba, kuma alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja cikin 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, har yau Gwamnatin Tarayya ba ta cika shi ba. Ina faɗa maka da babbar murya, ranka ya daɗe, cewa in aka ɗauki wannan shawara tawa aka mayar da ita mayafin rufe waɗancan haƙƙoƙi, aka ce wa wanda ya yi awa 36 a tsaye ya je ya rera waƙa ya ƙara haƙuri, to an zalunce shi zalunci biyu, kuma gara a bar shawarar a inda take. Sai dai ina jan hankalin masu wannan hujja ga abu guda: ko da an biya kowa haƙƙinsa gobe da safe, yara ba za su daina mutuwa a hannunsu ba, kuma a ƙasashen da albashi yake da tsoka ma an tarar da wannan gajiya. Haƙƙin aljihu daban, haƙƙin zuciya daban, kuma dukansu a wuyan hukuma suke.

Saboda haka sharuɗɗan da za a gindaya sun fi shirin kansa muhimmanci. Lalle zaman ya kasance cikin lokacin aiki, a lissafa shi aiki, a sami mai riƙe wa mutum gadajensa har ya dawo, kada a ci masa ranar hutunsa guda da yake ganin iyalinsa. Lalle abin da aka faɗa a ɗakin ya zama amana, kada ya isa kunnen shugaban sashe, kada ya shiga fayil ɗin kowa, domin ranar da aka ji an hana wata ƙarin girma saboda abin da ta rubuta, ranar shirin ya mutu. Kada kuma a bar shi ga likitoci da nas-nas kaɗai. Mai shara da yake goge jini, da mai tura gawa zuwa ɗakin ajiya, da direban motar asibiti, da mai ba da kati wanda fushin jama'a yake fara sauka a kansa, duk suna gani, kuma su ne ba a taɓa tambaya. Sannan wajibi ne mai jagorancin zaman ya zama wanda aka horar, domin buɗe tsohon rauni ba tare da sanin yadda ake ɗaure shi ba ɓarna ce. Ya san alamar wanda abin nasa ya wuce gajiya ya zama ciwon damuwa na haƙiƙa, ko wanda ya fara neman sauƙi wurin ƙwaya, ko wanda yake tunanin halaka kansa, ya miƙa shi ga likita cikin sirri da gaggawa.

Kayan aikin kuwa suna nan kusa, ba sai an aika ƙasar waje ba. A Zariya, inda ka yi karatun likita, asibitin koyarwa na Shika bai yi nisa da Samaru ba, inda sashen zane-zane da ya fitar da manyan masu fasahar ƙasar nan yake, tare da sashen wasan kwaikwayo wanda tun shekarun 1970 yake shiga ƙauyuka yana sa mutane su kwaikwayi matsalolinsu da kansu. A Kano da Sakkwato da Maiduguri ma kowane asibitin koyarwa yana da jami'a a bayansa mai malaman adabi da harshe, ga kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Kware da Maiduguri, waɗanda masanansu za su iya sa ido su horar. A Legas wani mai zane, Kunle Adewale, ya yi shekaru yana haɗa masu fasaha da ma'aikatan lafiya a asibitoci, ana iya tambayarsa abin da ya koya. Roƙona shi ne a zaɓi asibitoci uku ko huɗu a yi gwaji na mako 12, a auna halin ma'aikatan kafin a fara da bayan an gama da ma'aunin da Christina Maslach ta tsara cikin 1981, a duba har da yawan masu neman hutun ciwo da masu ajiye aiki da koken majinyata, sannan a buga sakamakon kowa ya gani, ya yi kyau ko bai yi ba. In ya yi, sai hukumomin da suke sabunta wa likitoci da malaman jinya lasisi su lissafa halartar zaman cikin karatun da suke sharɗantawa kowace shekara, wata jami'a kuma ta buɗe kwas na horar da masu jagoranci.

Ba wannan ne karo na farko da ɗan ƙasar nan zai haɗa ilimin zamani da abin da mutane suka saba da shi a wannan fage ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi haka a Aro kusa da Abeokuta tun 1954, ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauye tare da danginsu maimakon kulle su, duniya ta zo ta koya daga gare shi. Kai ma, lokacin da kake shugabancin hukumar lafiya matakin farko daga 2008, da ka ga allurar shan inna ta ƙi shiga gidaje, ta ƙofar sarakuna ka bi, har Allah ya nufa aka tabbatar da kawar da cutar daga ƙasar cikin 2020. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 a farkon 2023 ta ba ka madogara ta shari'a. Abin da ya fi damuna shi ne ungozomomin karkara, irin waɗanda shirinka na 2009 ya tura ƙauyuka, domin su ne mafi kaɗaici, wata ita kaɗai ce a asibitinta dare da rana, kuma ba za su iya zuwa Shika kowane mako ba. Su sai a nema musu dabara, ko ranar da suke taruwa a hedikwatar ƙaramar hukuma don kai rahoton wata a ƙara musu awa biyu, ko a haɗa su ta waya cikin ƙananan rukunai da jagora guda.

Ina roƙonka ka gabatar da wannan magana a zaman Majalisar Lafiya ta Ƙasa mai zuwa, domin kwamishinonin jihohi, waɗanda mafi yawan asibitocin talakawa suke hannunsu, su ji ta daga bakinka, ka kuma umarci shugabannin asibitocin da za a zaɓa su fara da ɗakin haihuwa da ɗakin gaggawa na yara, su kawo maka rahoto kafin shekara ta zagayo.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan ƙasa, daga Zariya.